Yadda Ake Tsara Rana da Cuɗanyar Yaro Mai Baiwa da Ke Karatu a Gida a Kano

Duk wanda ya ce zai riƙe ɗansa a gida ya koyar da shi boko da kansa, tambayar farko da dangi za su yi masa ba ta karatu ba ce. Cewa za su yi, "To da wa zai yi wasa?" Kuma suna da gaskiya. Yaron da ya iya karatu tun yana shekara huɗu, ko yarinyar da ke warware lissafin 'yan aji shida tana da shekara bakwai, ba karatu ne zai ba ku wahala a kansu ba. Mutane ne. Na daɗe ina taya iyalai tsara wannan harka, daga cikin Badala har Hotoro da Rijiyar Zaki, kuma ƙa'idata ɗaya ce: a fara rubuta lokutan fita da haɗuwa da jama'a a jadawali, sannan a cusa darussa a gurbin da ya rage. Yawancin iyaye akasin haka suke yi, shi ya sa bayan wata shida sai ka tarar da yaro ya ƙare littafin aji biyu amma ba zai iya shiga shagon unguwa ya sayo sabulu ba.

Abin da ya kamata ku sani kafin a fara kaɗan ne. Girman irin wannan yaro ba ya tafiya tare. Ƙwaƙwalwarsa tana iya zama ta ɗan shekara goma sha biyu, amma haƙurinsa da kukansa da ƙarfin yatsunsa wajen rubutu duk na ɗan shekara bakwai ne. Saboda haka mutane iri uku yake bukata: sa'anninsa na shekaru da zai yi guje-guje da su, abokin tunani da zai fahimci abin da yake faɗa, da manya waɗanda ba iyayensa ba da za su koya masa ladabi da sana'a. Da wuya mutum ɗaya ya cike gurbi biyu. Zan riƙa cewa "yaro" don sauƙi, amma har da 'ya mace nake nufi, kuma inda lamarinta ya bambanta zan faɗa.

Kayan da za a tanada

Babban kwali da maka, don rubuta jadawalin mako a manna a bango daidai tsayin idon yaron, da agogon bango kusa da shi. Littafin rubutu mai kauri guda biyu: ɗaya naku na ajiye bayanin abin da aka yi kullum, ɗaya nasa na rubuta tambayoyi. Littattafan ajin da yake kai bisa manhajar ƙasa da hukumar NERDC ta tsara. Idan ba ku samu manhajar ba, ku roƙi wani malamin firamare ya ba ku tsarin darussan zango ku kwafa.

Sai kayan wasa, kuma sharaɗin su shi ne ba a iya yinsu mutum ɗaya: ƙwallo, igiyar tsalle, ludo, Scrabble. Dara ba ta cin ko sisi: ramuka talatin a ƙasa, layi biyar a shida, kowa da 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya ya ɗauki tsakuwa ɗaya ya ɗauki tsinke. Ku tanadi akwatin tarkace kuma: matacciyar rediyo, batir, guntayen waya, maganaɗisu, ƙaramin sukudireba, kwalaye da gam. Fitila mai caji don dare. Kuɗin adaidaita sahu na fita ɗaya a mako, a ware shi daban tun farkon wata, domin shi ne abin da ake fara cinyewa idan aljihu ya yi zafi.

Kwamfuta tana da amfani amma ba dole ba ce. Abin da yake dole shi ne takarda ɗaya da za ku rubuta sunayen mutum goma da kuka amince da su, manya da yara, waɗanda ɗanku zai iya zama da su. Idan kun kasa kai biyar, to ku san cewa aikinku na watan farko ke nan.

1. Ku gyara maganar doka da jarrabawa

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗora wa iyaye alhakin ganin yaro ya yi karatun shekara tara, firamare da ƙaramar sakandare, kuma gwamnatin Kano ta ƙaddamar da ilimi kyauta kuma dole a 2019. Kada ku ɓoye yaro kamar wanda aka sato. Ku je wata makaranta kusa da ku, ku zauna da hedimasta, ku nemi a riƙe sunansa a rajista, ya riƙa zuwa jarrabawar ƙarshen zango, in da hali har da ranar wasanni. Wannan yana ba ku takardar sakamako da za a nema ranar da zai zauna jarrabawar shiga sakandare, kuma ya ba shi 'yan ajin da zai kira nasa. Idan makarantar farko ta ƙi, ku gwada wata. Ƙananan makarantu masu zaman kansu sun fi saurin yarda.

2. Mako guda kuna kallo kawai

Kafin ku rubuta komai a kwali, ku yi mako ɗaya kuna lura. Wane lokaci kansa ya fi ɗaukar abu? Minti nawa yake yi cikin yara kafin ya janye gefe? Idan aka yi baƙi, wajen manya yake zama ko wajen yara? Me ke sa shi kuka? Wani yaron awa ɗaya cikin hayaniya ta ishe shi, sai ya nemi ɗaki, kuma wannan ba ciwo ba ne, hali ne. Wani kuma da kun saki hannunsa ya bi yaran layi sai magariba. Jadawalin waɗannan biyun ba zai zama ɗaya ba.

3. Ku kafa turakun mako

A nan Kano muna da sa'ar da iyayen Ingila da Amurka masu koyarwa a gida suke biyan kuɗi don su samu: wuraren taruwar yara suna nan a shirye. Na farko Islamiyya. Ko da kuna da malamin da ke zuwa gida, ku sa yaron a Islamiyyar unguwa ta yamma, wadda ake shiga bayan la'asar a tashi kafin magariba. A can zai koyi bin layi, jiran a zo kansa, zama a tabarma ɗaya da ɗan mai kuɗi da ɗan mai faci, da jure malamin da ba ya ganin shi wani na daban ne.

Amma ku je da kanku ku yi magana da malamin, kada ku aika. Abin da za ku nema biyu ne. Na farko a bar shi a ajin sa'anninsa ko da ya fi su hadda, a ƙara masa nasa karatun daban. Na biyu, kuma wannan ya fi muhimmanci, kada a naɗa shi monita. Malamai suna son ba yaro mai ƙoƙari takarda ya rubuta masu surutu, wani lokaci har da bulala a hannu. Ranar da aka yi haka ya rasa abokai a ajin gaba ɗaya. Ku faɗa da ladabi: "Allah ya gafarta Malam, alfarma muke nema. Yaron nan abokai muke so ya samu, a taimaka kada a ɗora shi a kan 'yan uwansa." Ban taɓa ganin malamin da aka yi wa magana haka ya ƙi ba.

Turke na biyu wasan ƙofar gida. Ranakun da babu Islamiyya, waɗanda a makarantu da yawa Alhamis da Juma'a ne, yamma ta wasa ce: ƙwallo, langa, ɓuya, tseren taya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, kuma yaron littafi shi ya fi kowa gaza wannan. Ku sa iyaka a fili: daga wannan falwaya zuwa waccan, ba shiga gidan kowa sai da izini, ba bin baƙo ko ya kira sunanka, kiran magariba yana yi ka shigo. A makon farko babba ya zauna a dakali yana kallo daga nesa, kada ya sa baki sai an kai ga duka.

Ga 'ya mace, ko ga waɗanda ke unguwannin da kowa ya ja katanga ya rufe get, sai a juya abin: a jawo yaran cikin gida. Tsakar gida da aka share, igiya, duwatsun carafke, zanen 'yar gala-gala da gawayi, da kwanon gyaɗa ko gurguru, sun isa su sa 'ya'yan maƙwabta su saba da zuwa. Ku shiga gidajen ku gaisa da iyayensu tukuna. Zumunci a ƙafa yake, kuma uwar da ba ta san fuskarki ba ba za ta turo miki 'yarta ba.

Turke na uku gidan kaka, ko wani babban gida na dangi inda ake girki da babbar tukunya. Yini guda a mako biyu, a bar shi can ba tare da littafi ba. Na huɗu masallacin Juma'a tare da Abbansa ko Kawunsa, da gaishe-gaishen da ake tsayawa yi bayan an idar. Waɗannan huɗun ku rubuta su a kwali da jan maka. Ba a ɗaga su saboda darasi.

4. Sai ku tsara rana

Da safe duk yaran unguwa suna makaranta, babu abokin wasa ko kun nema. To lokacin karatu mai nauyi ke nan. Ga tsarin da na fi amfani da shi ga ɗan shekara 7 zuwa 11, ku gyara shi daidai gidanku.

Bayan sallar asuba, tilawa da hadda na kamar minti talatin, sannan a bar shi ya koma ya ɗan kwanta idan yana so. Ƙarfe 7 aikin gida da karin kumallo. Daga 8 zuwa 10 da rabi darussa biyu masu nauyi, lissafi da harshe, da hutun minti goma sha biyar a tsakani wanda dole a tashi daga kujera a fita tsakar gida. Daga 11 zuwa azahar lokacinsa ne na kansa: abin da ya zaɓa, ko kwance rediyo ne, ko zana taswirar unguwa, ko rubuta labari, ko karanta littafin taurari karo na biyar. Kada ku mai da wannan lokacin darasi, kada ku ba shi maki. Bayan azahar abinci da ƙailula. La'asar, Islamiyya ko wasa. Bayan magariba abinci tare da kowa, a faranti ɗaya in haka gidan ya saba, da hira. Isha'i, sai shimfiɗa.

Za ku ga karatun boko na zaune bai wuce awa biyu da rabi ba, kuma hankalinku zai tashi. Kada ya tashi. A aji mai yara hamsin, rabin lokaci yana tafiya wajen kiran suna, tsawatarwa da maimaici. Yaron da ke kama abu a bayani ɗaya, shi kaɗai a gaban mai koya masa, ya wuce manhaja a awa biyu. Kuskuren da na fi gani shi ne iyaye su ga yana gudu sai su ƙara masa kaya: malamin lesin da rana, wani da yamma, Faransanci ranar Asabar. Ina za a je da gaggawar? Ƙa'idar shiga jami'a shekara 16 ce, sai 'yan ƙalilan da JAMB ke yi wa togaciya bayan tantancewa mai tsauri. Yaron da ya gama sakandare yana 13 zaman jira zai yi a gida, babu sa'a babu aji. Rarar lokacin nan a faɗaɗa masa da ita, kada a yi tsere.

Ku yi lissafin barci da gaske. Likitocin barci sun ce ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar awa 9 zuwa 12. Wanda ake tasa ƙarfe biyar da kwata, in ya kwanta ƙarfe tara, awa takwas da kwata ya samu, sai ƙailula ko barcin bayan asuba ya cike masa. Irin yaran nan kansu ba ya saurin yin shiru da dare, a kan shimfiɗa tambayoyi ke taso musu. Amfanin littafin tambayoyi ke nan: "Rubuta, gobe da hantsi mu duba."

Lokacin zafi, daga Maris zuwa Mayu, ku matso da komai gaba: a fara darasi ƙarfe 7, a gama kafin ɗaki ya ɗau zafi, wasan waje kuma sai bayan biyar. Da azumi a rage darasi zuwa ɗaya, a bar shi ya bi yara kallon tashe a layi idan goma ga wata ta yi.

5. Ku nemo masa abokin tunani

Wannan shi ne mataki mafi wuya. Yaran layi za su buga ƙwallo da shi, amma in ya fara maganar dalilin da ya sa wata ke canja kama sai su watse, shi kuma ya fara ɗauka cewa wani abu ne ke damunsa. Aboki ɗaya tak da zai ce "ni ma na taɓa tunanin haka" ya isa. Kada ku dage sai sa'ansa. Sau da yawa wanda ya girme shi da shekara biyu ko uku ne. Ku tambayi malaman lissafi na makarantun kusa da malaman hadda, sun san yaran da ke irin wannan hali. Ku duba cikin 'ya'yan dangi da na abokan aiki.

In kun samu gida uku zuwa biyar, ku kafa zaman Asabar. Awa biyu, ana zagayawa gida-gida, yara kada su wuce takwas. Ba sai masu karatu a gida ba. 'Yan makaranta ma suna da Asabar. A ba su aiki ɗaya da ba zai yiwu ba sai da hannu da yawa: gada ta tsinken tsintsiya da za ta ɗauki gwangwanin madara, ƙaramin wasan kwaikwayo, muhawara, jaridar unguwa ta shafi biyu. A raba aiki, kuma a riƙa juya shugabanci kowane mako, domin ɗanku ya ɗanɗani bin umarnin wanda yake ganin bai kai shi ba. Mai masauki ruwa da ɗan abin taɓawa kawai zai kawo. Da an fara gasar girki tsakanin iyaye mata, zaman ya kusa mutuwa.

Idan ba a samu kowa ba, ɗalibin jami'a daga dangi ko unguwa, na Bayero ko wata, zai iya zama da shi awa ɗaya a mako su yi hira a kan abin da yake so. A falo ko tsakar gida za a zauna, ƙofa a buɗe, babba yana kai-komo. Wannan ƙa'idar ta hau kan kowane malami da ke shigowa gida, kome sanin da kuka yi masa.

6. Ku koyar da mu'amala kamar yadda kuke koyar da lissafi

Iyaye suna ɗauka wanda ya gane rabawa da kansa zai gane zama da mutane da kansa. Ba haka ba ne. Gara a faɗa masa dalla-dalla, a gwada a gida, sannan a fita.

Ku fara da gyara wa manya magana, don shi ne ke jawo musu baƙin jini. Kawu yana hira ya faɗi shekarar da ba daidai ba, yaro ya tsoma baki a gaban jama'a: "Ba haka ba ne." Gaskiyarsa ce, amma an tashi ana cewa ɗan wane ba shi da kunya. Kada ku ce masa ya daina lura, kuma kada ku ce ya yi ƙarya. Ku ba shi hanya: ya jira a gama, ya matsa kusa, ya rage murya, ya mai da gyaran tambaya. "Kawu, ni a littafi na ga an ce 1903 ne Turawa suka ci Kano, ko akwai wata ruwayar?" Ku yi gwaji, ke ki zama Kawu, shi ya gwada, ku sake har ya zauna a bakinsa. Ku kuma gaya masa akwai kuskuren da ake bari ya wuce, kamar na Hajiya Kaka a tsakiyar tatsuniya.

Sai shiga wasa. Yaro mai baiwa yakan iso wurin wasa da sababbin dokoki a kansa, yana zuwa ya ce ba haka ake yi ba. Ku koya masa ya tsaya ya kalli zagaye ɗaya, ya ce "a sa ni", ya yi yadda suke yi har sau uku kafin ya kawo shawara.

Sai faɗuwa. Wanda ya saba komai yana zo masa da sauƙi ba ya iya shan kaye. Zai watsa 'ya'yan dara ya tashi da kuka, ko ya ƙi sake taɓa duk abin da bai iya ba tun farko. Ku buga dara da shi kuna cinye shi da gaske, ba kullum ba amma sau da yawa, kuma ƙa'ida ita ce wanda aka cinye shi zai kwashe 'ya'yan ya ce "a sake". Ku sa shi a abu ɗaya da ba shi da baiwarsa ko kaɗan, inda zai zama na baya a layi ya ga duniya ba ta tashi ba.

Nan ne maganar yabo ta shigo. Wani bincike da masaniyar halayyar ɗan Adam Carol Dweck da abokiyar aikinta suka wallafa a Amurka a 1998 ya nuna yaran da aka yaba wa ƙwaƙwalwa sun fi gudun aiki mai wuya da saurin karaya in sun faɗi, a kan waɗanda aka yaba wa ƙoƙari. Maimakon "kai gwani ne", ku ce "na ga ka sake gwadawa sau uku". Kuma don Allah a daina kiran yaro gaban baƙi ana cewa "zo ka karanta wa Anti ta ji". Mutanenmu suna hana wannan saboda tsoron baki, kuma ko ba don baki ba, yana koya masa cewa ƙimarsa a wasan nuni take, ya kuma sa 'yan uwansa na ɗaki ɗaya su tsane shi a ɓoye.

7. Fita ɗaya a mako cikin gari

Ku zaɓi safiyar wata rana ta aiki, lokacin da wurare ba su cika ba. Ƙa'idar fita: shi zai yi sallama, shi zai gaisar, shi zai yi tambaya, shi zai biya kuɗin adaidaita ya karɓi canji. Ku kuna baya.

Marinar Ƙofar Mata ita nake fara kai yara. Kafin a je ya rubuta tambaya uku. In an isa ya durƙusa ya gaida dattijon da ke bakin rami: "Sannu da aiki, Baba. An ce in zo in ga yadda ake rini." Sai ya tsaya ya kalli abin da kyau. Za a tsoma farin ƙyalle cikin ruwan baba da toka, a ɗago shi, kuma ba shuɗi zai fito ba, kore-kore ne. Yana cikin iska, a gaban idonsa, zai rikiɗe ya koma shuɗi. A sake tsomawa, a sake ɗagowa, launin yana ƙara duhu. Kada ku ba shi amsa. Ku bar shi ya tambayi marinin, ya ji bayaninsa, ya dawo gida ya bincika abin da iska ke yi wa baba, ya kwatanta amsoshin biyu. Daga nan a leƙa wajen masu bugu ya ji yadda ake sa shadda ƙyalli. A sayi ɗan ƙyalle ko a ba da na goro kafin a tafi. Mutanen nan sana'a suke yi, ba baje koli ba.

Sauran wuraren ba sai na tsawaita ba. Gidan Makama don tarihin birni da tsofaffin ƙyamaren ƙofofi. Dutsen Dala da sassafe, ya ƙirga matakala, ya nemo Goron Dutse da hasumiyoyin babban masallaci daga sama. Kasuwar Kurmi, wadda ta samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, wajen dukawa da masu sayar da littattafai. Gidan Zoo na Audu Bako. Laburaren Murtala Muhammad da ke titin Ahmadu Bello, inda ya kamata ya saba da zama cikin masu karatu. Kasuwar 'Yankaba kuma ku ba shi kuɗi da jerin cefane, ya yi ciniki da kansa. In an yi masa tsada kada ku karɓe cinikin, a yi lissafin a gida.

Makon da babu kuɗin mota, a zaga unguwa da ƙafa: mai niƙa, maƙeri, mai faci, gidan burodi.

8. Aikin gida da sana'a

Kada a ɗauke masa shara, wanke-wanke ko aike don wai yana karatu. 'Yan uwansa suna gani. Daga shekara goma, ku nemo masa mai sana'ar da kuka sani ciki da waje, tela, kafinta, mai gyaran waya ko mai ɗinkin hula, ya riƙa zuwa awa biyu a mako. Ku gaya wa maigidan koyo ya zo yi, ba a aikensa nesa, ba a ba shi injin da zai ji masa ciwo. Yarinya ma haka, wajen mai ɗinki ko mai saƙa a cikin gida. A shago zai tarar da wanda bai yi boko ba amma ya fi shi sanin abu nesa ba kusa ba.

9. Waya da gasa

Waya ko kwamfuta a falo, da rana, da lokaci ƙayyadadde, kuma a fi ba da ƙarfi ga ƙirƙira a kan kallo. Manhajar Scratch ta koyon haɗa wasanni tana aiki ko babu intanet in an sauke ta. Abokan intanet ba sa shiga lissafin cuɗanya a wannan shekarun. Gasa kuma, musabaƙar Alƙur'ani ko gasar lissafi irin wadda Cibiyar Lissafi ta Ƙasa ke shiryawa, ɗaya a shekara ta isa, kuma babbar ribarta yaran da zai haɗu da su a wurin. Ku karɓi lambar iyayensu kafin a watse.

10. Bita duk wata uku

Ku buɗe littafinku ku amsa waɗannan da gaskiya. Akwai yaron da ke zuwa ƙofar gida ya yi sallama da sunansa? Yana ambaton wani aboki ba tare da an tambaye shi ba? Ya yi faɗa da wani sun shirya da kansu? Zai iya shiga shago shi kaɗai? In amsoshin sun fi yawa a "a'a", ku cire darasi ɗaya ku ƙara fita ɗaya, ku sake dubawa bayan wata uku.

Akwai alamun da jadawali ba ya magancewa: yaro ba ya haɗa ido da kowa, ƙara ko taɓawa suna firgita shi fiye da kima, yana birkicewa idan aka sauya tsari kaɗan, yana karatu da kyau amma rubutu ya gagara, ko ya daina cin abinci da barci yana maganar ba shi da amfani. Baiwa tana iya zama tare da wata lalura, ɗaya ta rufe ɗaya. Ku kai shi wajen likitan yara, misali a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko ku nemi shawara a sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero.

Idan ya kai shekara goma sha ɗaya ko sha biyu, ku zauna da shi ku yi maganar komawa aji, domin daga nan bukatarsa ta abokai da ɗakin gwaje-gwaje takan fi ƙarfin gida. Makarantar gwamnatin tarayya ta yara masu baiwa da ke Suleja ana shigarta ta jarrabawar da NECO ke shiryawa. Kwalejojin kimiyya na jiha, irin na Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, suna ɗauka ne bayan aji uku na ƙaramar sakandare ta jarrabawar hukumar makarantun kimiyya da fasaha, wadda ke da na 'yan mata su ma. In ɗaya daga cikinsu kuke hari, ku fara tambayar ranar sayar da fom da takardun da ake nema tun shekara guda kafin lokacin, kuma ku tabbata makarantar da ke riƙe da sunansa a rajista za ta ba ku sakamakonsa na kowane zango da sa hannun hedimasta.